Ƙirƙirarriyar Basira da Ayyukan Fasaha a Hidimar Sulhu da Adalci: Tambayoyi da Amsoshi

A 'yan shekarun nan ƙungiyoyin sasanta rikici da masu kare haƙƙin ɗan Adam sun fara jingina da abubuwa biyu da a da ba a cika ambatonsu tare ba, wato ƙirƙirarriyar basira da ayyukan masu zane, mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan haɗi, da amsoshinsu gwargwadon abin da aka riga aka gwada a wurare daban-daban.

Me ake nufi da "fasaha" a nan, tun da kalmar tana ɗaukar ma'ana biyu?

Bahaushe yana kiran mawaƙin da ya iya sarrafa harshe mai fasaha, kuma yana kiran ilimin ƙera na'ura fasaha. A wannan shafi, idan aka ce ayyukan fasaha ana nufin waƙa, zane, sassaƙa, ɗaukar hoto, fim da wasan kwaikwayo. Ƙirƙirarriyar basira kuwa manhaja ce da ake horarwa da ɗimbin misalai har ta iya gane fuska ko murya, ta fassara magana, ta taƙaita dogon rubutu, ko ta ƙago hoto da sauti waɗanda ba a taɓa ɗauka ba. Ba ta da imani kuma ba ta da tausayi, abin da aka ciyar da ita shi take juyawa.

Shin waƙa ko wasan kwaikwayo sun taɓa kwantar da gaba da gaske, ko fata ne kawai?

Akwai wurin da aka auna abin, kuma sakamakon ya cancanci a tsaya a kansa. A Ruwanda, inda gidan rediyon RTLM ya taimaka wajen ingiza kisan ƙare dangi na 1994, ƙungiyar Radio La Benevolencija ta fara watsa wasan kwaikwayon rediyo mai suna Musekeweya a 2004. Labarin ƙauyuka biyu ne na ƙirƙira da ke rigima a kan ƙasar noma, kuma ba a ambaci ƙabilun Hutu ko Tutsi a ciki ba, amma kowane mai sauraro ya san inda aka dosa. Wata mai bincike, Elizabeth Levy Paluck, ta shafe shekara guda tana kwatanta al'ummomin da suka saurari wasan da waɗanda aka ba su wani shiri na kiwon lafiya, ta wallafa sakamakon a 2009. Ta gano cewa wasan bai sauya abin da mutum ya yi imani da shi a zuciyarsa game da musabbabin rikici ba, amma ya sauya abin da mutane ke ganin jama'a za ta amince da shi: sun fi yarda da auratayya, sun fi iya furta saɓani a bainar jama'a, sun fi haɗa kai wajen warware matsala. Ba ƙaramin abu ba ne wannan, domin tarzoma ba ta cika buƙatar kowa ya tsani maƙwabcinsa ba, ya wadatar kowa ya zaci cewa sauran mutane sun amince a kai hari.

A Mozambik, bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1992, Bishop Dinis Sengulane ya kafa shiri a 1995 na karɓar bindigogi ana ba masu su garma, keke da keken ɗinki, sannan masu sassaƙa suka mayar da ƙarafan siffofi, ciki har da wata bishiya da aka kai gidan tarihi na Birtaniya a 2005. A Kolombiya kuma, bayan yarjejeniyar sulhu ta 2016, an narkar da tan 37 na makaman ƙungiyar 'yan tawaye ta FARC, mai sassaƙa Doris Salcedo ta shimfiɗa su a matsayin daɓen wani ɗaki a Bogota a 2018, kuma matan da aka yi wa fyaɗe a lokacin yaƙin ne suka daddaki faifan da guduma. Duk wanda ya shiga ɗakin, makaman yake takawa.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko Gobirawa da Yarbawa, hanya ce ta faɗin magana mai zafi ba tare da an zare wuƙa ba, kuma UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin jerin gadon ɗan Adam a 2014.

To idan haka ne, me na'ura za ta ƙara?

Babban abin da take ƙarawa shi ne sauraron mutane da yawa a lokaci guda. Teburin sulhu bai cika ɗaukar fiye da mutum ashirin ko talatin ba, kuma galibi masu riƙe da makami ne da manyan 'yan siyasa. A watan Yunin 2020 ofishin jakadan Majalisar Ɗinkin Duniya a Yaman ya yi amfani da manhajar Remesh ya tattauna da mutum fiye da 500 kai tsaye, cikin Larabcin ƙasar, ba tare da an bayyana sunan kowa ba. Kowa yana rubuta amsarsa, yana kuma nuna ko ya yarda da wasu amsoshin da aka zaɓo masa, ita kuwa manhajar tana lissafa waɗanne ra'ayoyi ne suka samu karɓuwa a wurin ɓangarori mabambanta. An maimaita haka a Libya a ƙarshen shekarar, lokacin da Stephanie Williams ke jagorantar tawagar Majalisar, da mahalarta kimanin 1,000. A Taiwan an yi amfani da wata manhaja mai suna Polis a 2015 wajen rigimar direbobin tasi da kamfanin Uber. Hikimar da ke cikinta ita ce ba ta ba da damar mayar da martani ga wani, don haka babu fagen zage-zage, kuma jimlolin da take ɗagawa sama su ne waɗanda abokan hamayya suka haɗu a kansu.

Sai dai dole a faɗi iyakar abin. Wanda ke da wayar zamani, da intanet, da iya rubutu shi ne ya shiga waɗannan tattaunawa, kuma a ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita wannan ba shi ne mafi yawan jama'a ba. Yaƙin Yaman bai tsaya saboda zaman 2020 ba. Amfanin da aka samu shi ne mai shiga tsakani ya iya cewa shugabanni, da hujja a hannunsa, mutanen da kuke iƙirarin wakilta ba haka suka faɗa ba.

Yaya ake amfani da ita wajen tabbatar da abin da aka yi wa waɗanda aka zalunta?

A nan ne aikinta ya fi nauyi, ko da yake ba shi ne ya fi jan hankalin jaridu ba. Bayan dogon yaƙi, sunan mamaci ɗaya yakan bayyana a rajistar 'yan sanda, da ta asibiti, da ta ƙungiyar sa-kai, kowane da irin rubutunsa, wasu mamatan kuma ba su shiga kowace rajista ba. Hukumar Gaskiya ta Kolombiya, tare da kotun musamman ta zaman lafiya da ƙungiyar masana ƙididdiga ta HRDAG, ta haɗa rumbunan bayanai fiye da 100, ta yi amfani da manhajar da ke gane cewa sunaye biyu mutum ɗaya ne, sannan ta ƙiyasta waɗanda ba a rubuta ba. Rahoton da ya fito a 2022 ya ce an kashe mutum 450,664 tsakanin 1985 da 2018, kuma idan aka yi la'akari da waɗanda ba a kai rahotonsu ba adadin zai iya kusantar 800,000. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita kanta magana ce, domin waɗanda ba a rubuta ba galibi talakawan karkara ne.

A Siriya matsalar ta yawan bidiyo ce. Masu adana shaidar yaƙin sun tara miliyoyin faifai da babu mai iya kallonsu duka, sai mai fasaha Adam Harvey ya gina manhajar VFRAME wadda ke neman ɓaraguzan bama-baman da ke tarwatsewa zuwa ƙananan bama-bamai a cikin faifan. Da yake hotunan irin waɗannan makamai ba su da yawa, sai da aka ƙera kwafinsu aka ɗauki hotunansu don horar da ita. Abin takaici shi ne a 2017 wata manhajar ta YouTube, da aka ɗora wa aikin share abubuwan ta'addanci, ta goge dubban faifan da 'yan Siriya suka ɗora a matsayin shaida, domin ba ta bambanta mai yaɗa ta'asa da mai tona asirinta.

Akwai ayyukan da mai fasaha da na'ura suka yi tare a abu guda?

Akwai, kuma uku daga cikinsu sun isa misali. Cibiyar Forensic Architecture, wadda Eyal Weizman ya kafa a Landan a 2010, tana haɗa masu zanen gini, masu fim da masu manhaja don sake gina yadda wani ta'adi ya auku, tana kuma gabatar da aikinta a kotu da ɗakunan baje kolin zane. A 2019 aka gayyace ta baje kolin gidan zane na Whitney a New York, sai ta horar da manhaja ta gane wani gwangwanin barkonon tsohuwa mai suna Triple-Chaser a hotunan zanga-zanga, gwangwanin da kamfanin mataimakin shugaban hukumar gidan zanen, Warren Kanders, ke ƙerawa. Bayan matsin lamba daga masu fasaha da dama, Kanders ya yi murabus a watan Yulin shekarar.

Na biyu shi ne fim ɗin gaskiya na Welcome to Chechnya da David France ya fitar a 2020, a kan mutanen da ake farauta a Chechniya. Maimakon a dusashe fuskokinsu, wanda ke sa mai kallo ya daina ganinsu a matsayin mutane, sai aka ɗora musu fuskokin wasu 'yan sa-kai ta hanyar na'ura, ta yadda hawaye da murmushi suka rage amma ba a iya gane mai su. An sanar da mai kallo tun farkon fim ɗin cewa an yi hakan.

Na uku shi ne aikin Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana, wadda ta juya abin ta binciki ita kanta na'urar. Binciken da ta yi da Timnit Gebru a 2018 ya nuna cewa manhajojin manyan kamfanoni uku na tantance jinsi daga fuska suna kuskure har kashi 34.7 cikin ɗari a kan mata baƙaƙen fata, alhali kuskurensu a kan maza farare bai wuce kashi 0.8 ba. Ba ta tsaya ga alƙaluma ba, ta tsara waƙar baka da bidiyo tana nuna yadda manhajojin ke kiran shahararrun mata baƙaƙe maza, kuma ta wannan hanya ce maganar ta fita daga jami'a ta isa kunnen jama'a.

Ya halatta a yi amfani da hoton da na'ura ta ƙago don nuna zaluncin da ya auku da gaske?

Wannan ce tambaya mafi wuya, kuma ra'ayin mai wannan shafi shi ne a bambanta zane da shaida, kada a bar ɗaya ya sa rigar ɗaya. A 2023 ƙungiyar Amnesty ta wallafa hotunan da na'ura ta ƙago don tunawa da murƙushe zanga-zangar Kolombiya ta 2021. Ta rubuta a jikinsu cewa na na'ura ne, ta kuma ce manufarta ita ce kare masu zanga-zangar daga a gane su, amma duk da haka suka ya yi yawa har ta janye su. Hujjar masu sukar tana da ƙarfi: jarin ƙungiyar kare haƙƙi shi ne a yarda da ita, kuma ranar da ta nuna hoton da ba a ɗauka ba, ta miƙa wa azzalumi damar cewa sauran hotunan ma haka suke. Ga shi kuwa masu ɗaukar hoto na gaske sun sa ransu cikin haɗari sun ɗauki abin da ya faru.

A Ajantina an ga wani salo. Kakannin Plaza de Mayo, wata ƙungiyar mata masu neman jikokinsu, sun daɗe suna neman jarirai kimanin 500 da aka sace daga iyayensu a mulkin soja na 1976 zuwa 1983, kuma sun gano fiye da 130. A 2023 wani mai zane ya haɗa hotunan iyayen da aka ɓatar, ya sa na'ura ta ƙago yadda 'ya'yan za su kasance a yau. Aikin ya farkar da matasa, amma ƙungiyar kakannin ta ja hankali cewa ba nata ba ne, kuma gwajin ƙwayoyin halitta ne kaɗai ke tabbatar da nasaba, domin wanda bai ga kamanninsa a hoton ba zai iya fasa zuwa gwaji alhali shi ne ake nema. Haka nan hoton tantunan Rafah ta Gaza, wanda na'ura ta ƙago, da aka yaɗa fiye da sau miliyan 40 a Instagram a watan Mayun 2024 ya bazu ne, a wani ɓangare, saboda tsaftarsa, babu jini babu gawa, don haka matatun shafin ba su tare shi ba kamar yadda suke tare hotunan gaske.

Ba wannan na'urar ce kuma ke rura wutar rikici ba?

Ita ce, kuma ƙarya ne a ɓoye hakan. Manhajojin da ke zaɓa wa mutum abin da zai gani a shafukan sada zumunta an gina su ne don su riƙe hankalinsa, kuma fushi yana riƙe hankali fiye da nasiha. A 2018 Facebook ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da shafinsa a ingiza tashin hankali a Myanmar, inda 'yan Rohingya fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh. A gida, binciken BBC na 2018 ya nuna yadda hotunan da aka yaɗa a Facebook lokacin rikicin Filato na watan Yunin shekarar suka taimaka wajen tunzura ramuwar gayya da aka kashe mutum 11, kuma ɗaya daga cikin faifan an ɗauke shi ne a Kongo-Brazzaville tun 2012. A lura cewa wancan ba ya buƙatar ƙirƙirarriyar basira, tsohon faifai ne da sabon bayani. Yanzu an ƙara da kwaikwayon murya: a 2023, ana tsaka da yaƙin Sudan, an yaɗa sautuka a TikTok da aka ce na tsohon shugaba Umar al-Bashir ne, bincike ya nuna cewa an sauya muryar wani ce da manhaja. A al'ummar da saƙon murya na WhatsApp ya fi rubutu yawo, kuma muryar malami ko basarake take da nauyin umarni, wannan ya fi hoton bogi haɗari.

Shin tana jin Hausa yadda za ta gane kalaman ƙiyayya?

Tana ji sama-sama. An samu ci gaba ta hannun masu bincike na Afirka irin na ƙungiyar Masakhane, da aikin NaijaSenti na 2022 wanda masana ciki har da na Jami'ar Bayero suka tattara dubban saƙonnin Twitter na Hausa, Igbo, Yarbanci da Pidgin suka yi musu alama da hannu. Cibiyar CITAD da ke Kano ma ta daɗe tana sa ido a kan kalaman ƙiyayya a intanet. Amma Hausa ba ta cika zagi kai tsaye ba. Habaici, zambo da gugar zana suna iya tayar da unguwa ba tare da kalma ɗaya mai muni ba, alhali Bafulatanin da ya kira Babarbare bawansa a shafin zumunta wasa yake yi irin na kaka da kakanni, kuma manhajar da ba ta san taubasantaka ba za ta hukunta shi ta ƙyale mai habaicin. A ƙara da cewa yawancin masu rubutu a waya ba sa sa ƙugiyar haruffa, suna cakuɗa Hausa da Turanci ko Faransanci, wasu kuma da ajami suke rubutu. Saboda haka manhaja za ta iya tace dubban saƙonni ta ware waɗanda ake zargi, amma hukuncin ƙarshe sai ɗan gari.

Za ta iya hango rikici kafin ya ɓarke?

Akwai ayyuka irin su VIEWS, wanda aka fara a Jami'ar Uppsala ta Suwidin, da ke hasashen inda tashin hankali zai ƙaru cikin watanni masu zuwa. Sun fi iya hango ci gaban rikicin da ya riga ya fara a kan ɓarkewar sabo. Kuma a mafi yawan wurare ba gargaɗi ne ya yi ƙaranci ba, mai unguwa da matan kasuwa sukan san abin da ke tafe, wanda zai ɗauki mataki ne babu.

Ina haƙƙin masu fasahar da ma'aikatan da aka gina na'urar a kan guminsu?

Ba a iya maganar adalci a tsallake wannan. Manhajojin da ke ƙago hoto da waƙa an horar da su da ayyukan mutane da yawa waɗanda ba a nemi izininsu ba, kuma ana ta shari'a a kan haka a Amurka da Turai. A watan Janairun 2023 mujallar Time ta ruwaito cewa ma'aikata a Kenya da ke karanta munanan rubuce-rubuce suna yi musu alama, don a tsaftace ChatGPT, ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa. Ƙasashe 193 sun amince da shawarar UNESCO kan ɗa'ar ƙirƙirarriyar basira a 2021, Tarayyar Afirka ta amince da nata tsarin a 2024, Najeriya kuma tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, sai dai shawara daban, aiwatarwa daban. Ƙungiyar da ta kori mai zanen garinta ta koma ƙago fastocin zaman lafiya da manhaja ta rage kuɗi, amma ta rasa mutumin da ya san wace alama ce za ta ɓata wa wane ɓangare rai.

Ƙaramar ƙungiya da ke aikin sulhu a unguwa ko ƙauye, daga ina za ta fara?

Ta fara daga abin da mutanenta suka riga suka saba da shi, ko wasan dandali ne, ko shirin rediyo, ko gasar waƙa tsakanin matasan ɓangarorin biyu. Salon da masanin wasan kwaikwayo Augusto Boal ya ɓullo da shi a Kudancin Amurka a shekarun 1970, inda ake dakatar da wasa a tsakiya a gayyaci ɗan kallo ya hau ya nuna yadda shi zai warware matsalar, ba ya buƙatar ko lantarki. Manhaja tana shigowa ne daga baya, a ayyukan da ke cin lokaci: mayar da hirarrakin da aka naɗa zuwa rubutu, fassara tsakanin harsuna, tara ra'ayoyin masu sauraro da suka turo saƙo a ga abin da ya fi damunsu kafin a rubuta kashi na gaba. Duk abin da ta fassara ko ta taƙaita sai mai jin harshen ya duba shi, musamman sunayen mutane da na garuruwa, inda take yawan kuskure.

Abin da ya fi buƙatar taka-tsantsan shi ne shaidar waɗanda aka zalunta. Kada a ɗora muryar matar da aka yi wa fyaɗe, ko sunan wanda ya ga kisa da idonsa, a manhajar kyauta ta intanet, domin ba a san inda bayanin zai kwana ba, kuma ba a iya dawo da shi. A cire sunaye da duk abin da zai nuna gidan mutum kafin a sa rubutun a kowace na'ura, a bayyana wa mai shaidar cikin harshensa abin da za a yi da maganarsa, kuma a bar masa damar janye ta ko da bayan an gama naɗa.